Liyarin Hajiya: Tarihin Dalar Azurfa da Yadda Ake Gane ta Gaskiya



Watannin baya aka kira ni rabon gado a wani gida nan cikin unguwa. Ba zan faɗi gidan ba, waɗanda suka sani sun sani. Wata tsohuwa ce ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ta bar 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku. Maigidanta ya riga ta da daɗewa. An biya ɗan bashin da ke kanta, an gama lissafin keken ɗinki da tufafi da 'yan kuɗin da ke banki, sai babbar 'yar ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin wani tsohon kallabi daga ƙasan adaka. Da aka kwance a kan tabarma sai ga manyan tsabobin azurfa guda goma sha huɗu, duk sun dafe, kowanne da hoton wata mace mai jiki a fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma gaggafa mai kai biyu. Liyari ke nan, kamar yadda iyayenmu ke kiransa.

Da na ƙirga sai na yi hamdala a zuci, don lissafin ya zo da sauƙi. Maza biyu da mata uku kaso bakwai ne, goma sha huɗu a raba bakwai, kowace mace ta ɗauki biyu, kowane namiji huɗu, a shafa fatiha a tashi. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Wani jika ɗan makaranta ya ɗauki ɗaya ya ga an rubuta 1780 a jiki, ya zaro waya ya latsa, ya ce, "Malam, ai wannan ya haura shekara ɗari biyu da arba'in, miliyoyi Turawa ke saye." Kafin ka ce kwabo fuskoki sun canza. Ana cikin haka ƙaramin namijin ya ji ɗaya bai kai sauran nauyi a hannu ba, ya sake shi a kan siminti, sai ya yi kwaf, ba amo. Ya dubi wansa, wanda makullin ɗakin ke hannunsa tun ranar rasuwa, ya ce, "Yaya, wannan fa ba irin sauran ba ne." Babu wanda bai gane abin da yake nufi ba.

Na ɗage zaman zuwa mako biyu, domin bai halatta in raba abin da ban san ƙimarsa ba. Na je wajen wani dattijon maƙerin azurfa, na tambayi abokanmu 'yan canji, na sa yaro ya karanto mini abin da masana tarihi suka rubuta. Abin da na samo shi ne nake so in ajiye a nan, don na tabbata ba gidan Hajiya kaɗai ke da irin wannan ƙulli a ƙasan adaka ba.

Matar da ke jikin kuɗin

Sunanta Mariya Tereza, sarauniyar ƙasar Ostiriya a tsakiyar Turai. Ta hau mulki a 1740, ta rasu a 1780, ta haifi 'ya'ya goma sha shida. An fara buga kuɗin azurfa da hotonta a 1741. Wanda muke gani a gidajenmu hotonta ne na tsufa, kuma lulluɓin da ke kanta na takaba ne, don mijinta ya rasu a 1765 ba ta sake barin tufafin makoki ba.

Su a can suna kiran irin wannan babbar tsaba "tala". Asalin sunan daga wani kwari ne mai ma'adinin azurfa da ake kira Yowakimstal, a ƙasar Cek ta yanzu, inda aka fara buga ta wajen shekarar 1520. Daga wannan kalma aka sami dalar Amurka da 'yan canjinmu ke kira wa masu mota a bakin titi kullum. Daga nan ne kuma muka sami "dala" da iyayenmu ke kiran sule biyu, wadda har yau 'yan uwanmu na Nijar ke kiran sefa biyar da ita. Shi kuwa liyari daga "riyal" na Larabawa ya zo, su ma sun aro shi ne daga sunan kuɗin Sifaniya. Mutanen Barno kuma gursu suke cewa. Ka ga tsaba ɗaya, amma sunayenta kaɗai sun isa su nuna maka hanyoyin da ta biyo.

Abin da ya sa ta karɓu shi ne ba ta canzawa. Kowace ɗaya nauyinta giram 28 da ɗan ɗigo, kashi biyar cikin shida azurfa ce zalla, kashi ɗaya jan ƙarfe don ta yi ƙwari. Wato akwai azurfa giram 23 da ɗigo 4 a ciki. Sannan an yi rubutu mai tudu a kewayen bakinta, ma'anarsa adalci da rangwame. Wannan rubutu ba ado ba ne kawai. A da, macuta kan kankare bakin tsaba su tara garin azurfar, to duk wanda ya kankari liyari rubutun zai tona masa asiri.

Me ya sa duk 1780 ne?

Ga amsar da ta kwantar da hankalin jikan Hajiya, ko in ce ta kashe masa jiki. Lokacin da sarauniyar ta rasu, kuɗinta ya riga ya kama kasuwannin daular Turkawa, da Misira, da Yaman, da Habasha. 'Yan kasuwar waɗannan wurare sun saba da wannan fuska, in ka kawo musu wata sai su ƙi karɓa. Sai mahukuntan Ostiriya suka ga ai ba a canza wa tuwo suna, suka ci gaba da buga shi da hotonta da shekarar rasuwarta. A 1858 ya daina zama kuɗin kashewa a ƙasarsu, amma ba su daina bugawa ba, don ya zama haja da suke sayar wa duniya.

Har abokan hamayyarsu sai da suka nemi shi. A 1868, da Ingilishi suka kai yaƙi Habasha, dole suka sayo liyari daga birnin Biyana, don mutanen ƙasar ba sa sayar da hatsi ko alfadari da kuɗin Ingila. A 1935, da Italiya ta shirya mamaye Habasha, ta karɓi hatimin bugawa daga Ostiriya ta riƙa buga nata a Roma. Ingila ita ma ta buga nata a Landan da Bamingam, ta kuma buga a Bombay ta Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu. An buga a Faris, an buga a Burasal. Duk 1780 aka rubuta. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga kusan miliyan 389, kuma gidan buga kuɗi na Biyana yana nan yana buga sabo har gobe, da wannan shekarar dai.

Saboda haka 1780 ba shekarun tsabar da ke hannunka ba ne. Tana iya zama ta zamanin Shehu Usmanu, tana iya zama ta zamanin Sardauna, tana iya zama sa'ar ɗanka. Abin da aka buga ɗaruruwan miliyoyi kuwa ba ya yin tsadar abin da babu irinsa.

Yadda ya iso wurinmu

Ta hamada ya shigo. Daga Tarabulus ayarin raƙuma kan bi ta Murzuk da Bilma su sauka Kukawa, wasu kuma su bi ta Gadamas da Gat da Agadas su sauka Kano. Ta gabas ma yana zuwa, daga Misira da Sudan ta Wadai, a hannun 'yan kasuwa da alhazai masu dawowa a ƙasa. Ba shi kaɗai ba ne, akwai dalar Sifaniya mai ginshiƙai biyu a jiki, wadda Larabawa suka ɗauka igwa ce aka zana, suka sa mata suna mai igwa. Shi kuma liyari suka ce masa mai tsuntsu.

A wancan zamani kuɗin kasuwar ƙasar Hausa wuri ne. Wani Bature Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa dala ɗaya tana daidai da wuri 2,500. To, ɗan kasuwa, yi lissafi da kanka. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kayan ƙato guda, wanda sai ka ciyar da shi a hanya. Wannan keson gaba ɗaya liyari takwas ne, waɗanda ba su kai rubu'in kilo ba, za ka ƙulle su a lalita ka ɗaura a ƙugu. Kuma wuri ya yi ta faɗuwa saboda yawan shigo da shi ta teku, har kafin ƙarshen wannan ƙarni liyari ɗaya ya kai wajen wuri 5,000 a Kano. Wanda ya tara wuri ya wayi gari rabin dukiyarsa ta narke yana kallo, wanda ya tara azurfa kuwa yana nan inda yake. Mu da muka ga abin da ya sami naira a hannunmu ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Shi ya sa liyari ya zama kuɗin manyan harkoki: cinikin doki, kyautar sarakuna, guzurin aikin hajji, ajiyar attajirai. Cefanen yau da gobe kuwa da wuri ake yi. Maƙeran fari su ma sun same shi ma'adini a sauƙaƙe, suna narkar da shi su ƙera mundaye da zobba da kayan doki, ko su liƙa masa kunne mata su rataya a wuya.

Zuwan Turawan mulki shi ya kashe masa kasuwa. An hana shigo da wuri a 1904, aka kawo kwabo mai huji da anini, sannan a 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, aka ce da sule da sisi da taro za a biya haraji. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro da shanu suka koma bin dogo. Lokacin da aka kafa mana Sabo a nan Ibadan a 1916, liyari ya riga ya bar hannun fatake ya koma hannun mata. Kakanninmu mata ne suka taho da shi Kurmi a cikin kayan aurensu, ya zama bankinsu. In rana ta ɓaci, ko an tashi aurar da 'ya, ko jarin maigida ya karye, sai a kwance ƙulli a fitar da ɗaya. Gidaje nawa ne a unguwar nan aka rufa musu asiri da wannan ƙulli ba tare da maƙwabta sun ji ba?

Wani zai ce yaya Musulmi suka riƙe kuɗi mai hoton mace Banasariya? Ai a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake ciniki, masu hoton sarakunansu, har zuwa lokacin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira. Nauyi da tsarkin ƙarfen ake dubawa.

Yadda ake gane na gaskiya

Mutanen da ba su da sikelin lantarki, amma ba a cutarsu da sauƙi. A Habasha da ƙasashen Larabawa ɗan kasuwa kan shafa babban yatsa a kan maɓallin da ke kafaɗar sarauniyar da kambin da ke kanta, ya ƙirga 'yan ƙwayoyin lu'ulu'un da aka zana. In sun shafe sai ya ƙi karɓa ko ya rage farashi, don tsabar da ta cinye haka ta rasa wani abu na nauyinta. Ga abin da maƙerin nan ya gwada mini, na kuma gani da idona.

Na farko nauyi. A ɗora a ƙaramin sikelin masu zinari. Lafiyayye zai ba da giram 28, wanda ya sha hannu ya ɗan gaza kaɗan. In ka ga ya faɗo zuwa 24 ko 22, to akwai magana.

Na biyu faɗi. Wajen santimita huɗu ne. Mai yin jabu in ya daidaita faɗi nauyi kan kuɓuce masa, in ya daidaita nauyi sai kauri ya yi yawa. A jera shi da wani da aka tabbatar a gani.

Na uku murya. Ka ɗora shi a kan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da wata tsabar. Azurfa tana da amo siriri mai daɗewa a kunne. Dalma da kuza ba su da shi. Kada a riƙa jefawa a siminti yadda ɗan Hajiya ya yi, yana lotsa baki.

Na huɗu maganaɗisu. Azurfa ba ta kama shi. In ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa ruwan azurfa. Amma rashin kamawa ba shaida ba ce ita kaɗai, don tagulla da dalma su ma ba sa kamawa.

Na biyar baki. Na gaskiya buga shi aka yi da hatimi, rubutun bakinsa a fili yake. Na jabu galibi zubi ne, za ka ga layin haɗi a kewaye, da 'yan ramuka kamar na ƙuraje, haruffa kuma sun yi laushi kamar sabulun da ya jiƙa.

Masu tarawa da ma'auninsu

Gaskiya ne a Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin kuɗi, kuma gaskiya ne akwai tsabar da ta yi tsadar ban mamaki. A 2013 an sayar da wata dalar azurfa ta Amurka bugun 1794 a kan dala miliyan goma da 'yan kai. Irin wannan labari ne yaranmu ke gani a waya. Abin da ba sa karantawa shi ne 1794 ce shekarar farko da gwamnatin Amurka ta buga dalar azurfa, ba a buga ko dubu biyu ba, kuma wannan ɗin ta tsira kamar yau aka ƙera ta.

Su masu tarawa abu biyu suke saye: ƙarancin abu da lafiyarsa. Suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke mai suna Sheldon ya fito da shi a 1949. Lamba 1 ita ce tsabar da ta shafe har da ƙyar ake gane ta, daga 60 zuwa 70 kuma wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Akwai kamfanoni irin su PCGS da NGC da aikinsu ke nan, su duba tsaba, su ba ta lamba, su rufe ta a cikin roba mai hatimi. A wajen liyari kuma masana kan duba 'yan haruffan da ke ƙarƙashin hoton sarauniyar, da yawan lu'ulu'un, da gashin wutsiyar gaggafar, don su gane garin da aka buga shi da zamanin. Wanda aka buga tana raye, mai shekara kamar 1760 ko 1770 a jiki, da bugun farko-farko na 1780, suna iya fin kuɗin azurfarsu sosai. In ka sami mai wata shekara daban da 1780, kada ka yi gaggawar sayarwa. Amma galibin na gidajenmu bugun baya ne, kuma sun sha hannu.

Abu biyu ke zubar da darajar tsaba a wurinsu. Ɗaya huji ko kunnen da aka liƙa, wanda ke mayar da ita kuɗin nauyinta kawai. Ɗayan kuma wanki. Mu a wurinmu ƙyalli shi ne kyau, sai mace ta sa toka da lemon tsami ta dirje. Su kuwa wannan dafewar ita ce shaidar ba a taɓa ta ba, dirzar kuma tana barin ƙananan zane da suke gani da madubin masu gyaran agogo. A bar shi yadda yake, a riƙe shi ta baki, a naɗe kowanne daban a takarda, a ajiye inda laimar Ibadan ba za ta same shi ba.

Ƙimarsa ta gaskiya kuwa lissafi ne mai sauƙi. A tambayi farashin giram ɗaya na azurfa a ranar, a ninka sau 23 da ɗigo 4. Mai saye zai rage ribarsa, wannan ba laifi. Amma wanda ya san wannan lissafi, mai yawo gida-gida yana sayen tsofaffin kaya ba zai karɓe masa da kuɗin goro ba, ɗan damfara kuma ba zai ce masa ya kawo kuɗin rajista za a haɗa shi da Bature mai miliyoyi ba.

Sai hukunci guda biyu a taƙaice. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda yawancin malaman yanzu suka lissafa giram 595, wato liyari 26 ke nan. Wanda ya ajiye wannan adadi a matsayin dukiya har shekara ta zagayo, zakka ta hau kansa, ɗaya cikin arba'in. Abin da mace ke sawa na ado kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kansa. Sannan in za a sayar, a yi hannu da hannu, ba a ba da azurfa bashi a ce sai an kawo kuɗi.

Yadda aka ƙare a gidan Hajiya

Da muka koma zama na taho da maƙerin da sikelinsa. Goma sha ɗaya suka fito lafiya, biyu azurfa ce ta gaskiya amma an liƙa musu kunne, ɗaya kuma giram 22, dalma ce da aka shafe. Da na raba su da ƙirga yadda na so yi da farko, da wani ya tashi da dalma a rabonsa ina zaton na yi adalci. Wannan ya tsaya mini a rai, Allah Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani.

Saura zargin da ke tsakanin wa da ƙane, wanda sikeli ba ya aunawa. Maƙerin ya nuna musu cewa jabun ya cinye ya dafe daidai da sauran, ba abin da aka sako jiya ba ne. Sannan Allah Ya kawo wata tsohuwa, aminiyar marigayiyar tun suna amare, ta ce ai ta san shi. Hajiya da kanta takan kira shi bebe. A cikin na mahaifiyarta ta gaje shi, ta san ba na kirki ba ne, ta ƙi kai shi kasuwa don kada ta cuci wani, ta kuma ƙi jefarwa don daga hannun uwa ya fito. Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Wan ya ce ya yafe, amma na ga idonsa, kuma na san irin wannan magana takan daɗe ba ta goge ba.

Aka yi wa goma sha ukun kuɗi bisa nauyinsu, aka haɗa da sauran dukiya, aka fitar da rabon kowa. Ƙaramar 'yar ta roƙi a sa mata masu kunnen nan biyu a nata kason, don su ta saba gani a wuyan mahaifiyarta ranar salla. Beben kuma suka bar wa wan, ya ce zai ajiye.

Shawarata ga iyayenmu mata da ke da irin wannan ajiya: ku kira 'ya'yanku tun kuna da rai, ku kwance ƙullin a gabansu, a ƙirga, a auna, a rubuta, ku kuma faɗa musu daga hannun wa ya fito da garin da aka taho da shi. Mu da muka zauna nesa da gida shekara ɗari da ɗoriya, da yawanmu ba mu da takardar da ta nuna hanyar da kakanninmu suka biyo, sai irin waɗannan 'yan abubuwa da labarin da ke tare da su. In mai labarin ta tafi ba ta faɗa ba, abin da zai rage giram 28 ne kawai da rigima.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a abin da suka bari, Ya kare zumuncinmu daga sharrin dukiya. Amin. Wassalamu alaikum.